Takardar Haihuwar Motar Kaz

Shekara goma sha shida Renata ta yi tana jiran wata lamba ta sake bayyana. Lambar mota ce, haruffa da alƙaluma goma sha uku, ta haddace ta tun tana 'yar firamare, kafin ma ta haddace lambar wayar gidansu. Ranar wata Talata ta gan ta a cikin tallar da wani likitan haƙori daga Tennessee ya turo mata, yana so ta je ta duba masa motar kafin ya saki kuɗinsa. Mota ce ƙirar Charger ta 1970, ruwan lemu, mai babban inji, irin wadda attajirai ke rububi yanzu. Sunan mai sayarwa Merle Tackett. A ƙasan tallar an rubuta da manyan baƙi cewa injinta na asali ne, kuma takardar haihuwarta tana nan.

Sau uku ta karanta layin ƙarshen nan. Kofin da ta haɗa ya huce a gabanta ba ta kurɓa ba. Sannan ta ɗauki waya ta gaya wa likitan cewa ranar Asabar za ta zo.

Motar ubanta ce. Casimir Gorski, wanda duk garin Hamtramck ke kira Kaz, yana saurayi a masana'antar motoci ya yi odar ta da kuɗin guminsa, kuma ranar da aka ƙera ta ya bi ta a ƙafa tun daga farkon layin haɗa motoci har ƙarshe, yana yi wa abokan aikinsa tsiya kada wanda ya bar masa noti a kwance. Kowace mota a lokacin tana tafiya a layi da takardarta, wadda ta faɗi injin da za a sa mata, da launinta, da kalar kujerunta. In an gama, matan sashen kujeru sukan cusa takardar a cikin wayoyin kujerar baya, ba don suna tunanin tarihi ba, don dai kwandon shara ya yi musu nisa. Wannan sharar ita ake kira takardar haihuwa yau, kuma ita ke raba mota ta gaske da wadda aka yi wa kwalliya.

Injin kuwa, Kaz bai taɓa ɓoye labarinsa ba, da alfahari ma yake ba da shi. A shekara ta biyu ya fasa na asalin a tsere, shi da wautarsa. Aka sa masa sabo daga kamfani, kuma irin wannan inji yakan zo ne ba a buga masa lambar kowace mota ba, wurin lambar fili ne sumul. Renata ta sha goge wurin da tsumma tana yarinya.

Da idonsa ya fara rauni, bayan rasuwar matarsa Stasia, Kaz ya ce zai sayar da motar ga wanda zai iya tuƙa ta. A ƙungiyarsu ta masu tsofaffin motoci, wadda ke taruwa kowace Asabar da safe a filin bayan coci, Merle Tackett ne gwani. In ya sa hannu a takarda ya ce motarka ta gaske ce, farashinta ya ninka. Ranar Juma'a ya zo gareji ya duba, Kaz ya bar shi shi kaɗai ya shiga ciki ya dafa masa kofi, don haka ake yi wa baƙo. Washegari a gaban mutum talatin, Merle ya sa hannuwa a aljihu ya ce abin takaici ne, amma motar nan da ƙaramin inji aka haife ta, ado kawai aka yi mata, ga shi injin ko lamba babu.

Kaz dariya ya yi. Ya ce a ɗaga kujerar baya a ga takardar haihuwarta. Aka ɗaga, babu komai sai ƙura da wata tsohuwar kwandala.

Babu wanda ya buɗe baki. Lonnie Baskin, wanda ya ɗaura ƙofofin motar nan da hannunsa, wanda ya riƙe Renata a coci ranar da aka yi mata baftisma, ya tsaya yana nazarin takalminsa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kowannensu yana da mota a filin nan, kuma kowace motar tana da takardar Merle a cikin akwatin gaba. Wanda ya ƙaryata Merle ya ƙaryata motarsa. Suka zaɓi ƙarfensu suka bar mutum, kuma ni dai har yau ban ga wanda ya fi wani a cikinsu ba.

Bayan wata biyu wani manomi daga Ohio ya zo ya ɗauke motar a farashin gwangwani. Daga baya Renata ta gano ƙanen matar Merle ne. Kaz ya ƙara shekara biyu a duniya, bai sake fita ranar Asabar ba. Abin da Renata ta kasa yafewa ba kuɗin ba ne, ba ma sunan maƙaryaci da aka liƙa masa ba. A watanninsa na ƙarshe yakan kama hannunta ya ce, "Renia, anya ba ni na cire takardar nan na manta ba? Kin san kaina ya fara tafiya." Sun sa tsoho ya mutu yana zargin hankalinsa.

Ta bar aikin ofis ta koyi sana'ar Merle, ta kwanta ƙarƙashin motoci a jihohi goma sha ɗaya har ta fi shi. Da sunan mijinta aka san ta. Duk mai sayen irin motocin nan ya san sa hannun R. Halvorsen, amma kaɗan ne suka san mace ce, kuma ba wanda ya san 'yar wace ce.

Ranar Asabar ta tarar Merle ya mai da abin biki. Ya buɗe ƙaton rumbunsa na ajiye motoci a bayan garin Hamtramck, ya jera kujeru, ya sa tukunyar kofi da kwalaye uku na ponchki, fanken 'yan Poland, masu jam, ya gayyato 'yan ƙungiya su zo su ga yadda ake ciniki. Motocinsu na jere a waje suna sheƙi. Merle ya tsufa, ya yi tumbi, amma muryar nan tana nan, mai laushi kamar ta mai wa'azi.

"Dokta Pruitt, ina gwanin naka?" in ji Merle. "Ko ya turo sakatariyarsa ta riga shi?"

Likitan dogo ne mai sanƙo, ya sa farar riga kamar za shi ɗaurin aure. Ya nuna ta. "Ga ta nan a gabanka."

"Au! Ke ce R ɗin? To madalla, madalla. Baiwar Allah, ki dai kula da farcenki, ƙarƙashin mota ba ɗakin gyaran gashi ba ne."

Mazan suka yi dariya. Renata ma ta yi, ta ajiye jakar kayan aikinta. "Kada ka damu, Mista Tackett. Farcen nan ya tono abubuwa da yawa, bai karye ba tukuna."

A kujerar ƙarshe wani tsoho ya tsaya da ponchki a hannu bai kai baki ba. Lonnie ne. Ya gane ta, don goshin ubanta ne da ita sak. Ta dube shi ido cikin ido ta jira. Ya sunkuyar da kai ya koma kallon takalminsa, kuma wannan karon shirun nasa ya yi mata amfani.

Merle ya yaye mayafin motar. Renata ta ɗauka ta shirya, ashe ba ta shirya ba. An sake mata fenti, an goge ta har tana ɗaukar ido, amma da ta buɗe ƙofar direba sai ta ji ƙarar nan da ƙofar ke yi a rabin hanya, wadda ubanta ya yi shekara talatin yana cewa gobe zai sa mata mai.  Ta yi kamar tana neman tocila a jaka har abin ya wuce.

"A ina ka samo ta?" ta tambaya.

"A rumbun wani manomi a Ohio. Kaji na kwana a kanta. Da na yaye buhunan da aka rufe ta da su, na rantse miki sai da na yi ƙwalla."

"Allah sarki," in ji Renata.

Ta fara aiki a hankali, ba gaggawa. Ta duba farantin lamba a gindin gilashin gaba da ƙusoshin da suka riƙe shi. Ta leƙa ƙarfen da ke riƙe da lagireto, inda masana'anta ke buga lambar a ɓoye, ta karanta da ƙarfi kowa ya ji. Ta buɗe but, ta ɗaga robar bakinsa, ta karanta ta biyun. Ta kwanta a kan katako mai taya ta shige ƙarƙashi, ta yi minti ashirin tana bin walda da yatsa ko an yanka an haɗa. Duk abin da ta duba, sai ta ɗago ta ce wa likitan, "Wannan gaskiya ne." Sau bakwai ta faɗa. Kowace faɗa Merle sai ya ƙara kumbura, har ya fara zagayawa yana cika wa mutane kofi da kansa.

"Kenan ka tabbata da babban inji aka haife ta?" ta ce tana goge hannu. "Ina tambaya ne don na sha ganin masu ƙaramin inji an yi musu ado."

"Madam, shekara arba'in ina wannan harka. In motar nan ba ta gaske ba ce, ni ma ba ɗan uwata ba ne."

"Ku fa, dattawa? Kun fi ni sanin motocin nan."

Suka amsa baki ɗaya, har da masu ɗaga hannu. Wani mai jar hula ya ce ko makaho ya shafa ta ya san ta gaske ce. Ta gane shi, yana cikin talatin ɗin. Ta gane shida a cikinsu, sauran ƙasa ta rufe musu ido ba su jira ta ba, abin da ya ɗan ba ta haushi.

"To a kawo takardar."

Merle ya kawo ta a cikin leda mai kauri, yana riƙe da ita da hannu biyu. Ta yi rawaya, gefenta ya gutsure, ga layukan tsatsa sun ratsa ta a karkace. Renata ta sa aka ɗaga kujerar baya aka kife ta a kan tebur, ta ɗora ledar a kan wayoyin. Layukan tsatsar suka hau kan wayoyin daidai, ɗaya bayan ɗaya. Likitan ya saki ajiyar zuciya.

"Takardar motar nan ce, a kujerar nan ta tsufa," in ji ta. "Yaushe ka ciro ta?"

"Bara da bazara. Da hannun nan nawa."

"Kafin nan ba wanda ya taɓa ta?"

"Shekara hamsin ba ta ga rana ba. Ki juya bayan ma ki gani, har rubutun ma'aikatan layi yana nan da baƙin alli. Irin alamun masu duba aiki ne. Dokta, wannan kaɗai mutane na ƙara kuɗi a kansa, ba a iya ƙirƙirarsa."

"Ba a iyawa kam," in ji Renata. Ba ta juya ba, ta bar takardar a kan tebur. "Bari mu gama da inji tukuna."

Ta buɗe bonet, ta zura madubi da tocila gefen injin. A wurin da ta sha gogewa sumul, yanzu ga lambar motar nan zaune, tsaf, an buga ta da kyau.  Mutumin nan ya tsaya a bainar jama'a ya kashe ubanta da rashin lambar nan, sannan ya dawo rumbunsa ya ɗauki guduma ya buga ta.

"Lamba ta yi daidai," ta ce.

"Ba na faɗa ba?"

"Saura ranar zubi." Ta juya ga likitan. "Dokta, ranar da aka zuba ƙarfen inji tana jikinsa, ba bugawa ake yi ba, tare da ƙarfen take fitowa. Dole ta riga ranar haihuwar mota, ba a sa wa mota injin da ba a ƙera ba tukuna. Zo ka gani. A nan an ce shekarar sittin da tara. Daidai kenan."

Ta ciro wani ɗan maganaɗisu daga aljihu, bai fi ƙwayar wake ba. Ta manna shi a jikin injin, ya kama. Ta manna shi a kan alƙaluman watan, ya kama. Ta manna shi a kan shekarar, ya sulale ya faɗi ƙasa, ya gangara har gaban takalmin Merle.



"Fenti ne ya yi kauri a wurin," in ji Merle.

"Zai yiwu. Ka yarda in ɗan danna da tsinken nan? Ƙarfe ne ai, ba zai ji zafi ba."

Merle ya dubi likitan, ya dubi mutanen da ya tara da bakinsa. Gumi ya keto masa a gefen kunne. Hanawa amsa laifi ne, bari kuma ya san abin da ke ƙarƙashi. Ya ɗaga kafaɗa ya ce ta yi abin da ta ga dama.

Ta danna. Shida da taran suka ɓantalo tare kamar ɓawon gyaɗa, suka faɗo a tafin hannunta. Danƙo ne mai tauri aka mulmula aka shafa wa fenti. A ƙarƙashi, inda aka goge da injin gurza ƙarfe, inuwar bakwai da ɗaya tana nan ga duk mai ido.

"Saba'in da ɗaya," in ji Renata. "Injin ya girmi ƙaryar, amma motar ta girme shi da shekara guda. Wanda ya buga masa lambar nan bai daɗe da ajiye guduma ba."

Likitan ya cire tabarau ya goge a farar rigarsa. "Mista Tackett, saura ƙiris in ba ka kuɗin gida biyu."

"An cuce ni ne, Dokta! Haka na saye ta! Manomin nan, wallahi in na kama shi..."

"Wane manomin?" ta ce. "Dwight, ƙanen matarka? Ai ba sai ka je Ohio ba, ka jira shi ranar Lahadi a teburin abinci."

Sai a lokacin Merle ya dube ta da kyau. Ta ga yana lalube a cikin kansa, yana neman inda ya san goshin nan. Ba ta taimake shi ba. Ta koma tebur, ta ɗauki ledar, ta juya bayanta. Rubutun ya dushe amma yana karantuwa, layi uku da yaren Poland a karkace, na mai sauri kada layi ya wuce ta.

"Ka ce alamun masu duba aiki ne. Shekara goma sha shida takardar nan na hannunka, ka zauna a garin da rabin tsofaffinsa ke jin yaren Poland, amma ba ka kai wa ko ɗaya ya karanta maka ba. Na san dalili. Tsoro kake kada wani ya gane ta."

"Bara na ciro ta, na gaya miki!"

"To bari in karanta maka abin da ka ciro." Ta ɗaga ledar zuwa haske. "An ce: Kazik, in ka kashe kanka a cikin wannan abin, ba zan zo jana'izarka ba. In ka yi hankali, ka zo ranar Lahadi ka gaida babana. Stasia."

Mai jar hula ya ajiye kofinsa a hankali.

"Stasia ta sashen kujeru uwata ce. Kazik shi ne Kaz Gorski. Ya je ranar Lahadin, shi ya sa nake tsaye a nan. Ina da shekara goma ya ɗaga kujerar nan ya karanta min, ya mayar da ita inda ta sa, ya ce nan ne gidanta. Tana nan har ranar Juma'ar da ya shiga ya dafa maka kofi, Merle. Kana shan kofinsa tana cikin rigarka."

Merle ya ja da baya. Ya lalubi kujera ya zauna, fuskarsa ta yi fari fat. Renata ta sha ganin wannan fuskar a mafarki, ta ɗauka in ta gan ta ido da ido tausayi zai ɗan taɓa ta. Ta duba zuciyarta da kyau, ba ta sami ko ɗigo ba. Daɗi ta ji, tsantsarsa, kuma ba ta ji kunyar jinsa ba.

"Motar Kaz ce," in ji wata murya daga baya. Lonnie ya miƙe yana dafa sanda. "Ni na ɗaura mata ƙofofi. Ina tsaye Stasia ta yi rubutun nan, har na yi mata tsiya. Na san motarsa ce tun ranar, na sani."

"Sannu da ƙoƙari, Kawu Lonnie," in ji Renata. "Ka makara da shekara goma sha shida, amma sannu."

Likitan ya gyara murya. Mutum ne mai son a gaya masa abu a fili. "Madam Halvorsen, ki yi min bayani yadda zan gane. Motar nan ta gaske ce ko jabu?"

"Ta gaske ce, Dokta. Da babban inji aka haife ta, kamar yadda dattawan nan suka rantse ɗazu da hannuwa a sama. Mai ita na farko ya fasa injin, aka sa masa wani, bai taɓa ɓoyewa ba. Da an bar ta haka, da na ce ka saya ka yi barci. Ba ta taɓa yin ƙarya ba sai da ta shigo rumbun nan. Yanzu kuwa inji ne mai lambar bogi, kuma rahotona zai shiga kundin da duk masu sayen motocin nan ke dubawa, da hotuna, da sunan wanda na same ta a hannunsa."

Ta fara mayar da kayanta cikin jaka, ɗaya-ɗaya. Ba ta ɗaga murya ba da ta ƙara, "Kuma zan rubuta cewa duk motar da ke yawo da takardar Merle Tackett, a sake duba ta."

Nan ne abin ya isa inda ta aike shi. Kawunan suka juya, ba wajen Merle ba, wajen ƙofar rumbu, inda motocinsu ke jere a rana. Kowa yana kallon tasa. Takardun da suka sayar da Kaz don su kare, yau ko ƙunshin ponchki ba za a yi da su ba. Mai jar hula ya tashi ya tsaya a kan Merle yana tambayarsa injin da ya sayar masa shekara takwas da suka wuce daga ina ya fito. Wani ya taso, wani ma ya taso. Likitan ya ɗauki hularsa ya fice ba sallama.

Renata ta zare takardar daga leda. Merle ya ɗago kamar zai yi magana, ta tsaya ta dube shi har ya mayar da kai. Ta cusa ta a cikin wayoyin kujerar, layin tsatsa a kan wayarsa, ta ɗauki hotonta a wurin. Sannan ta kinkimi kujerar ita kaɗai, ta mayar cikin mota, ta danna da gwiwa har ta ji ta kama. Ta rufe ƙofar, ƙofar ta yi ƙararta a rabin hanya.

A waje Lonnie ya biyo ta yana jan ƙafa, ya same ta tana buɗe ƙofar a-kori-kurarta.

"Renia, tsaya mana. Tawa ma takardarsa ce da ita. Ita kaɗai na mallaka, ita zan bar wa jikokina. Kin san motata, kin sha shiga. In kika sa mata hannu, ba wanda zai yi magana."

Ta dube shi. Ya tsufa ƙwarai, idonsa ya yi ruwa-ruwa, kuma ta tuna yakan kawo mata alewa a aljihun rigar aiki. Ta tuna kuma bai taka gidansu ba ko sau ɗaya a shekara biyun nan, daga shi har alewarsa.

"Zan duba ta, Kawu. Asabar mai zuwa, a filin bayan coci, a gaban kowa. In ta gaske ce zan faɗa da ƙarfi."

"In kuma an sami wani abu?"

"Sai ka tsaya a tsakiya ka ga wa zai buɗe baki dominka."

Ta shiga ta ja ƙofa. Ba ta tayar da mota nan da nan ba. Ta ɗauko fom ɗin rahoto ta ɗora a kan sitiyari, a layin da aka ce mai ita na farko ta rubuta Casimir Gorski, Hamtramck, da manyan baƙi, tana dannawa har biro ya kusa huda takardar. Gutsuren danƙon nan yana aljihunta, shida da tara, ta ciro ta ajiye a kan kujerar gefe inda ubanta yakan zauna bayan ya daina tuƙi.

"Ba kai ka cire ta ba, Baba," ta ce. "Kanka ƙalau yake."

Daga cikin rumbun ana jin muryoyi suna hawa kan juna. Ta sauke gilashi don ta ji da kyau, ta zauna ta saurara har sai da ta ƙoshi, sannan ta murɗa makulli.